Harafi Ɗaya Cikin Biliyan Uku: Manyan Sinadaran Jiki da Asalin Ciwon Sikila



An nemi in yi magana a kan manyan sinadaran da aka gina jikin mai rai da su. Na san da yawa daga cikin ɗaliban da ke zaune nan sun haddace su a aji, sun zuba a takardar jarrabawa, sun wuce abinsu. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne in nuna muku cewa wannan darasi yana cikin tukunyar gidanmu, yana cikin jininmu, kuma shi ne ya warware wa duniya sirrin ciwon gadon da ya fi kowanne addabar gidajenmu, wato amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Can za mu dire, amma sai mun bi ta madafa tukuna.

Duk abin da ido ke gani, da ƙwayoyin zarra aka yi shi. Idan ƙwayoyin zarra suka haɗu suka ƙulla, sai a sami abin da masana ke kira molekul. Na ruwa ƙwayoyi 3 ne kacal. Na sukarin da ke yawo a jini, wato gulukos, 24 ne. Amma himogulobin, sinadarin da ya sa jini ya zama ja, ƙwayoyinsa sun kusa 10,000 a molekul guda. Irin waɗannan ƙattai ne batunmu na yau. Lokacin da wani Bajamushe masanin sinadarai, Hermann Staudinger, ya fito a 1920 ya ce akwai molekul masu tsawon gaske da aka ƙulla daga ƙanana, manyan abokan aikinsa ba su yarda ba. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan magana tasa.

Ku ɗauki carbi a zuciyarku. 'Ya'ya ne ƙanana da aka jera a zare. Haka akasarin waɗannan sinadarai suke: ƙananan 'ya'ya ake jerawa ɗaya bayan ɗaya har su zama doguwar sarƙa. Abin da ke bambanta wata sarƙa da wata shi ne irin 'ya'yan, da yadda aka jera su, da yadda aka ƙulla su. Gida huɗu ne: dangin sitaci, dangin mai da kitse, furotin, sai kuma sinadaran gado.

Mu fara da abin da muka fi ci. Gero, dawa, masara, shinkafa, rogo da doya, duk sitaci ne, kuma sitaci ba komai ba ne illa gulukos da aka jera ɗaruruwa da dubbai. Tsiro yana haɗa shi da hasken rana da ruwa da iska, ya adana a ƙwayar hatsi. Da mutum ya kai loma baki, wani sinadari da ke cikin yawu yake fara tsinke sarƙar, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya soma zaƙi. Iyayenmu mata masu dama kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan aiki a aikace. Idan suka zuba niƙaƙƙen dankali a cikin gasarar da ta yi kauri, sai ta saki, ta yi ruwa, ta ɗau zaƙi, domin dankalin yana ɗauke da irin wannan sinadari mai tsinke sitaci.

Jikinmu ma yana da rumbunsa. Rarar gulukos ana ƙulla ta a adana a hanta da tsoka, da sunan gilaikojin. Hantar babban mutum tana riƙe kimanin giram 100. Mai azumi da ya yi sahur, daga wannan rumbu hanta ke ɗiba tana sakar wa jini sukari kaɗan-kaɗan har a kai ga shan ruwa.

Ga abin da nake so ku riƙe a wannan gida. Karan dawa, da auduga, da takardar da ke hannunku, su ma gulukos ne aka jera, ana kiransa selulos. 'Ya'yan iri ɗaya ne da na tuwo, ƙullin ne kawai ya bambanta. Saboda wannan ɗan bambanci, cikin ɗan Adam yana narkar da ƙwayar dawa amma ba ya iya narkar da karanta. Saniya ma ba da ƙarfinta take narkar da harawa ba. Ƙananan halittun da ke zaune a tumbinta ne ke yi mata aikin. Ashe bambancin da ido ba ya gani yana iya raba abinci da itacen girki. Za mu sake haɗuwa da irin wannan, a wurin da ya fi ciwo.

Dangin mai ba zan daɗe a kansu ba. Man gyaɗa, manja, man shanu, man kaɗanya, da kitsen nama, halinsu ɗaya, ba sa shiri da ruwa. Su ba doguwar sarƙa ba ne kamar sauran ukun, amma ana lissafa su tare saboda girman aikinsu. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfin da ya ninka na sitaci fiye da sau 2, don haka jiki ya zaɓe shi ya zama ajiyarsa ta dogon zango. Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba. Kowace ƙwayar halitta ta jikinmu da siririyar fatar mai aka kewaye ta, ita ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Bitamin A da D da E da K kuwa ba sa shiga jiki yadda ya kamata sai da mai. Uwar da ta ɗiga manja a faten yaronta ta yi masa gata.

Yanzu mun zo ga furotin, kuma a nan zan zauna.

'Ya'yan sarƙar furotin ana ce musu amino asid, kuma iri 20 ne. Tunda iri 20 ne ba iri ɗaya ba, hanyoyin jera su ba su da iyaka. Idan aka gama jera sarƙar ba ta zama a miƙe, naɗewa take yi ta dunƙule ta ɗauki wata siffa ta musamman, kuma wannan siffa ita ce aikinta. Jerin ne ke haifar da siffa, siffa ta haifar da aiki. Idan siffar ta lalace, aikin ya tafi. Kun ga farin ƙwai yadda yake ruwa-ruwa, da ya ji zafin kasko sai ya daskare ya yi fari fat. Ba abin da aka ƙara masa, zafi ne ya warware naɗin furotin ɗinsa suka sarƙe da juna, kuma ba mai mayar da shi ɗanye. Haka tsami ke yi wa madara ta zama kindirmo, haka ruwan tsami ke kama madarar waken suya ta zama awara.

Gashi, farce da ƙaho furotin ne. Fata da jijiya furotin ne, irin da ya fi kowanne yawa a jiki, kuma shi majeman Kano da Sakkwato ke kamawa da bagaruwa don kada fata ta ruɓe. Naman da ke motsa hannu furotin ne. Dakarun da jiki ke ƙerawa bayan an yi wa yaro rigakafi furotin ne. Insulin, wanda ƙarancinsa ko rashin jin maganarsa ke kawo ciwon suga, furotin ne mai amino asid 51, kuma shi ne na farko da aka karanta jerinsa daga farko har ƙarshe, aikin da Frederick Sanger ya kammala a Ingila a 1955. Sannan akwai babban rukuni da ake kira enzayim, masu gaggauta aikin sinadarai a jiki. Wancan na cikin yawu ɗaya ne daga cikinsu. Bafulatanar da ke sa tumfafiya a madara don ta kama ta zama cuku, da mai naɗe nama a ganyen gwanda don ya yi laushi, duk enzayim suke sa wa aiki.

Daga cikin amino asid 20 ɗin nan, akwai 9 da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga ciki, wake da danginsa kuma suna da shi a wadace. Wanda wake ya gaza a kai, hatsi ya cike. Don haka shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, da tuwo da miyar da ta ji daddawa, haɗi ne mai ma'ana, ba abincin talauci ba ne. Inda muke yin kuskure shi ne wajen yaye. Yaron da aka cire daga nono aka bar shi da tsurar koko, cikinsa zai cika amma jikinsa ba zai samu abin gini ba. Wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana wannan ciwo a 1933, bayan ta yi aiki da yara a Ankara ta ƙasar Gana ta yau: kumburin ƙafafu, jajayen gashi, da ƙyuya. Mu tamowa muke ce wa irin wannan hali. Abin lura, abincin da asibitoci ke ceto irin waɗannan yara da shi a yau, wanda aka yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, tushensa gyaɗa ce da madara da mai da sukari.

To wa ke gaya wa jiki yadda zai jera amino asid? Nan gida na huɗu ya shigo. A 1869 wani matashin likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, yana aiki a Jamus, ya tsamo wani baƙon sinadari daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata. Shi ne abin da muke kira DNA. An ɗau shekaru masu yawa kafin a gane cewa shi ne ma'ajin gado. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa, zare biyu da aka murɗe tare, bisa dogaro da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. 'Ya'yan sarƙarsa iri 4 ne, ana rubuta su da haruffan A, T, G da C. Jiki yana karanta su uku-uku, kowane uku suna nufin amino asid guda. Wani ɗan'uwansa mai suna RNA ne ke kwafo saƙon ya kai inda ake ƙera furotin. Abin da mutum ya gada daga uwa haruffa ne kimanin biliyan 3, daga uba ma haka. Da za a miƙe zaren da ke cikin ƙwayar halitta guda, zai kai kusan mita 2.

Jama'a, yanzu mu shiga jini.

Kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da himogulobin kimanin miliyan 270. Aikinsa ya ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa sassan jiki. Sarƙa 4 ce ta haɗu ta yi shi: biyu masu amino asid 141 kowacce, biyu masu 146, kuma a tsakiyar kowace sarƙa akwai ƙwayar zarrar ƙarfe da ke kama iskar. Max Perutz ya share fiye da shekara 20 a Kambirij kafin ya ga siffarsa a 1959.

A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya wallafa labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada, wanda aka duba jininsa aka ga ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Ciwon kuwa ya daɗe a Afirka tun kafin a haifi kakannin Herrick, amma ba wanda ya san musabbabinsa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane, kuma wannan ne karo na farko da aka danganta wata cuta da lahani a molekul guda. Tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano ainihin wurin. A sarƙar nan mai amino asid 146, na 6 ne kawai aka musanya. Inda ya kamata a sami wanda ake kira gulutamik asid, sai aka sami balin. Idan aka koma ga DNA, inda ya kamata a karanta GAG, an karanta GTG. Harafi ɗaya ke nan cikin biliyan 3.

Ku dubi abin da harafi ɗaya ke jawowa. Gulutamik asid yana shiri da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi. Don haka da zarar himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko, sai wannan gurbi na balin ya nemi maɓoya, ya manne da maƙwabcinsa, shi ma ya manne da na gaba, har su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar jinin. Ƙwayar da aka halitta da taushi don ta matse ta wuce ta siraran hanyoyin jini, sai ta sandare ta lanƙwashe. Ta maƙale, ta tare hanya, naman da ke gaba ya rasa iska. Wannan shi ne azabar ciwon ƙashi da ke sa yaro ihu cikin dare. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kwana 120 tana aiki, mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, daga nan ake samun ƙarancin jini da rawayar ido. Saifa tana lalacewa tun yaro yana ƙarami, sai ƙananan cututtuka su riƙa kayar da shi. Idan toshewar ta faru a ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara 5 yana iya samun shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin duk shawarar da likita ke bayarwa. Ƙishirwa tana sa himogulobin ya cunkushe ya fi saurin mannewa, shi ya sa ake cewa a yawaita shan ruwa. Sanyin hunturu yana tsuke hanyoyin jini, shi ya sa ake cewa a rufa wa yaron jiki. Zazzaɓi yana tayar da ciwon, don haka gidan sauro da rigakafi ba abin wasa ba ne a gare shi. Haka kuma za ku lura jariri mai sikila yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai wajen wata 5 ko 6 hannaye da ƙafafu su fara kumbura. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa himogulobin na daban wanda ba ya mannewa, kuma a hankali yake raguwa bayan haihuwa. Maganin nan haidiroksiyuriya aikinsa ke nan, yana sa jiki ya ƙara ƙera irin na ɗan tayi. Binciken da likitocinmu suka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna amfaninsa wajen kare yaranmu daga shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan aiki abin alfahari ne.

Me ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu? A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa mai ɗauke da kwafi ɗaya na wannan harafi, wato AS (A na lafiyayyen himogulobin, S na mai sikila), yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar da sauro ke kashe yara, masu AS sun fi tsira, suka girma suka hayayyafa. Shi ya sa kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yake ɗauke da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Akwai kuma wani canjin a daidai wannan gurbi na 6, wanda ke ba da nau'in C, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana. Wanda ya gaji S da C tare, shi ma yana fama da ciwon.

Iyayena, ga maganar da ta fi damuna. Ba a yin SS, wato mai ciwon sikila, sai an gaji S daga uwa, an gaji S daga uba. Amma sau nawa muka ga an ɗora wa mace laifi, an ce ita ke haifar marasa lafiya, ko an ce maita ce, ko iska, ko a kira yaran 'yan wabi, har a kai ga saki? Zalunci ne, kuma rashin sani ne ya haife shi. Rabin abin daga mijin ya fito. Sannan idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zama SS. Ba wai idan an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu ba. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ana iya haihuwar uku a jere duk masu ciwon, ana iya haihuwar shida babu ko ɗaya.

Magani na warkewa yana nan, amma ya yi mana nisa. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Najeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara DNA ɗin majinyaci don jikinsa ya koma ƙera himogulobin irin na ɗan tayi. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Gwajin da zai gaya maka ko kai AA ne, ko AS, ko AC, ko SS kuwa, ɗan jini kaɗan ake ɗiba, kuma kuɗinsa bai kai na atamfa ɗaya a lefe ba.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini irin wannan. Mataki ne mai kyau, amma doka ba za ta wadatar ba muddin sai an sa rana, an kai lefe, an raba goro, sannan a tafi gwaji. A lokacin zukata sun riga sun ƙullu, kunya ta shigo, daga nan ne ake fara neman takardar bogi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Lokacin gwaji shi ne tun yaro yana jariri, ko yana makaranta, tun bai san wadda zai so ba. Neman sani ba ja da ƙaddara ba ne; Wanda ya halicci ciwon shi ya ba mu hankalin gane hanyarsa. Kuma kada gwajin ya zama sandar dukan masu sikila. Mai SS da ya auri AA ba za su haifi SS ba. Suna karatu, suna aiki, suna aure, kuma da kulawa suna tsufa.

Roƙona ga malamanmu na addini shi ne su faɗi wannan a kan mumbari, kuma su nemi takardar gwaji daga asibitin da aka amince da shi kafin su ɗaura aure. Ga shugabannin makarantu, ku shirya wa ɗalibanku gwaji tun suna ajin farko na sakandare. Ga hukuma, a riƙa gwada jarirai tun ranar haihuwa, a kuma sauƙaƙa kuɗin haidiroksiyuriya. Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, duk wanda bai san rukuninsa ba a cikinku, kada watan nan ya ƙare bai je an gwada shi ba, ya kuma ja ƙannensa su tafi tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa iyayen da ke jinyarsu da alheri.